Wa Ya Sassauta Min Dodon Gada?

Yau kam abin kunyata zan ba ku, 'yan uwa, don haka duk wadda ta san dariya za ta yi min gara ta yi tun yanzu ta gama. Ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da huɗu, a shagon tabarau nake aiki, kuma saura ƙiris in kori mutumin da nake so saboda wani ɗan gashin tsuntsu da bai kai farcen ƙaramin yatsana ba.

Sunan da Yayana ya laƙaba min tun muna yara shi ne Ƙwai. Da asma na taso, shi ke nan Umma ta kafa min dokoki. Ba shara, wai ƙura. Ba wanke-wanke, wai sanyin ruwa. Gudu kuwa kar ma a yi zancensa, ko kaza ce ta biyo ni sai dai in tsaya mu fahimci juna. Abba ma ba a bar shi a baya ba. In muna ludo sai ya yi kamar bai ga ɗana a gabansa ba, ya tsallake ya wuce yana cewa, "Kai, Auta ta fi ƙarfina." Sai da na kai shekara sha biyu na gane bar min yake yi. Ranar na yi kuka har da majina, kuma tun daga nan ban sake taɓa ludo ba. Ba abin da ke ƙona min rai a duniya irin a bar min abu.

To da Yaya ya yi aure sai ya tafi ya bar tsohon gem ɗinsa, wato na'urar wasan nan da ake haɗawa da talabijin, a ƙarƙashin talabijin ɗin falo, ya yi ƙura, ba ya ko kawo wuta. Ni kuma na kwashe shi a leda na kai wa mai gyaran waya da ke layin bayan shagonmu. Injiniya kowa ke ce masa. Dogo ne siriri, kullum da shuɗiyar riga mai aljihu uku, da wani gilashin ƙara girman abu a goshi wanda yake mantawa bai cire ba, har masallaci yake zuwa da shi. Ya gyara gem, ya ce a dawo da shi bayan sati ya duba. Na mayar. Ya ce a sake dawowa. A karo na uku na ce, "Injiniya, gem ɗin ne ba shi da lafiya ko kai ne?" Ya sunkuyar da kai ya ce shi ne.

Daga nan ya fara zuwa gidanmu duk Asabar da yamma. A falo muke zama, shi a kujerar kusa da ƙofa, ni a kan kafet da fad a hannu, wato abin dannawar nan mai maɓallai, Umma kuma tana shige da fice kamar wadda ta manta wani abu a kowane ɗaki.

Gem ɗin na wata jaruma ce mai mashi da ke neman hanyar komawa garinsu. Tun a farko ake tambayarka yadda kake son wahalarsa. Akwai mai sauƙi, alamarsa gashin tsuntsu. Akwai tsaka-tsaki, takobi. Sai mai wuyar, ƙoƙon kai. Duk wanda ka zaɓa, alamarsa na nan 'yar mitsitsiya a kusurwar talabijin ta sama. Ku riƙe wannan, don a nan tsiyar take. Ni takobi na zaɓa, kuma na yi tafiyata lafiya lau har na iso wata gada da wani ƙaton dodo mai kan ƙarfe ke gadi. Wayyo wannan dodo! Ko numfashi ba ya bari ka yi. Ya make ni da guduma, ya jefa ni ruwa, ya take ni, wata rana ma zama kawai ya yi a kaina. Sau talatin da ɗaya yana kashe ni, ina rubutawa a bayan kalandar falo.

Abin da ya sa na mutu a kan Injiniya ke nan. Bai taɓa cewa "kawo in haye miki" ba. In dodo ya gama da ni, sai ya kurɓi shayinsa ya ce kalma ɗaya tak.

"Sake."

Ku ba za ku gane ba. Wasu matan turare ake kawo musu, wasu waya. Ni wannan "sake" ɗin ce ta tafi da ni, don shi ne mutum na farko da ya zauna yana kallo ina shan wuya bai ruga ya ɗauke min ba.

A gida kuwa an matsa min lamba. Umma kullum cikin zancen take. "Yaron nan wata bakwai yana ɗumama mana kujera, shayi kuwa ya sha ya fi buta ɗari. Ke me kike jira?" Yaya ya dame ni da saƙo. Abba ne ya yanke magana wani dare muna cin abinci, ya ce kawun Injiniya zai kira shi ranar Lahadi ta sama, yana son amsata kafin nan, e ko a'a, ba dole. Amsar tana bakina, jan aji kawai nake yi.

Asabar ta zo. Na sa doguwar rigata ruwan toka mai ɗinki a wuya, na ɗaura baƙin ɗankwali, na ɗan goga kwalli, na zauna a gaban dodo na ce yau ko ni ko kai. Na soka masa mashi sau ɗaya, sai na ga jan layin da ke nuna jininsa ya ragu da rabi. Ya ɗaga guduma a hankali kamar mai ciwon kafaɗa, na kauce. Na ƙara masa biyu. Jama'a, dodon nan ya durƙusa, ya yi wani kuka, ya faɗa ruwa!

Na yi wurgi da fad na hau kan kujera ina ihu. Umma ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta ɗauka gobara ce. Na ce, "Umma na kashe shi! Ni kaɗai, da hannuna!" Ta ce, "To, to, madalla," ta koma kicin da wani irin sauri. Na juya wajen Injiniya. Ya kalli kusurwar talabijin, ya kalli ƙofar kicin, ya haɗiye yawu, sannan ya tafa min sau uku kamar wanda aka sa dole. Ni a lokacin farin ciki ya rufe min ido, ban kawo komai a raina ba.

Na ɗauki hoton talabijin na tura zauren gidanmu na waya, na rubuta: "A daina ce min Ƙwai daga yau." Na tura wa ƙawayena. Washegari a shago har wata tsohuwa da ta zo a gyara mata hannun tabarau sai da na ba ta labari, ta ce Allah ya kiyaye gaba. Kwana biyu ina tafiya ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Ranar Litinin ina goge gilasan kan kanta sai ga saƙon Yaya. Hotona ne ya dawo min da shi, ya ja kusurwar ya ƙara mata girma, ya zagaye wani abu da jan layi.

"Ƙwai, wannan gashin tsuntsun fa? A kan mai sauƙi kika kashe shi. Ko 'yata mai shekara huɗu za ta iya."

Ya bi shi da fuskokin dariya guda tara. Na ƙirga.

Ni da nake auna idon mutane kullum, nake ce musu karanta layin ƙasa, ni ce ban ga abin da ke gaban hancina ba. Ba dariyar Yaya ce ta dame ni ba. Ludon Abba ne ya dawo min sabo fil. Daɗin kwana biyun nan duk ya zama toka, ashe ba ni na kashe dodo ba, kwantar min da shi aka yi. Kuma wa ya san cikin gem ɗin nan in ba wanda ya gyara shi ba? Na tuna yadda ya kalli kusurwar, na tuna tafin nan nasa mara gishiri. Nan take na rubuta masa.

"Ka san gem ɗina yana kan gashin tsuntsu?"

Ya karanta. Ya fara rubutu, ya goge. Ya sake farawa, ya sake gogewa. Na ce a raina yau ga mara gaskiya.

"Na sani."

"Kai ka mayar?"

"Hannuna na ciki."

"Me ya sa?"

"Ba zan iya faɗa ba. Ki yi haƙuri."

"Ka zauna kana kallo ina tsalle a kan kujera kamar mahaukaciya?"

"Tsallen ya yi kyau."

Tsallen ya yi kyau! Ku ji min mutum. Na rubuta masa wani dogon saƙo wanda sai an danna "ci gaba" sau biyu kafin a kai ƙarshensa. Na ce duk duniya na ɗauka shi kaɗai ne ya ɗauke ni mutum, ashe shi ma kwandon ƙwai ya zo ɗauka. Na ce ya je ya nemi wadda zai dinga tauna mata abinci. Ya kira sau shida ban ɗaga ba. Talata da Laraba na canza hanyar zuwa aiki don kar in bi ta layinsu, na dinga zagaye ta bayan gidan mai, takalmina mai tsini duk ya ci ƙaniyarsa. A gida ban ce wa kowa komai ba. Umma ta tambaye ni me ya kumbura min ido, na ce sabon kwalli ne.

Ranar Alhamis da safe na tari Abba a bakin mota yana goge gilashi. Na ce, "Abba, amsata a'a ce." Ya tsaya da tsumma a hannu ya daɗe yana kallona.

"Kin tabbata, Auta?"

"Na tabbata."

"To. Ba zan bar yaron mutane yana jira har Lahadi ba, zan biya in sanar da shi da kaina."

Na tafi aiki ina jin kaina wata jaruma, ina kuma share hawaye da gefen mayafi.

Da azahar injin yanka gilashi ya tsaya cak, mai shago ya ce kowa ya tafi gida. Ban taɓa dawowa ƙarfe biyu ba. Tun daga bakin ƙofa na ji ƙaurin shinkafa tana kamawa. Sannan na ji wani gurnani da na sani sarai. Dodon gada ne. Sai kuma murya:

"Zo nan, ɗan banza mai kai kamar tukunya! Zo mana! Yau sai na ga uban da ya tsaya maka!"

Na tura ƙofar falo a hankali. Umma ce. Ummata, mai ciwon gwiwa, wadda ko lambar waya sai na adana mata. Tana zaune dirshan a kan kafet, ɗankwali ya zame ya faɗi baya, tabaran da na yanka mata da hannuna yana kan karan hanci, harshe a waje, ta riƙe fad tana karkata jiki duk inda jarumar ta karkata.

"Umma?"

Ta zabura ta cusa fad ƙarƙashin zani, ta ɗauko carbi. Talabijin kuwa yana ta gurnani abinsa.

"Ke lafiya? Me ya dawo da ke yanzu? Goge ƙura nake yi, abin ya kunna kansa."

"Umma, ya kunna kansa har ya iso gada?"

Ta kalle ni, ta kalli dodo, sai ta sauke ajiyar zuciya ta zaro fad ɗin. "Kashe min tukunyar can ki zo."

Ashe sati uku ke nan. Tun ranar da ta tsaya a bayana tana kallo abin ya shiga ranta. In mun watse, Abba ya tafi, ni na tafi, gidan ya yi tsit, sai ta kunna. Da farko ko taku uku ba ta yi ake kashe ta. Shi ne ranar Juma'a, ana gobe in kashe dodo, ta kira Injiniya a waya ta ce ya rufa mata asiri, akwai yadda ake rage wa abin nan mugunta? Ya dinga gaya mata danna nan, sauka ƙasa, zaɓi gashin tsuntsu. Ya ce in ta gama ta mayar kan takobi. Ta manta. Kuma ta sa shi ya yi mata alƙawari ba zai gaya wa kowa ba, musamman Yaya, don ta san har jikokinta sai sun ji.

Na ce, "To Umma wane daɗi kike ji a mai sauƙin? Dodon fa kamar mara lafiya yake."

Ta gyara tabarau. "Ke yarinya ce. Shekara talatin ina kan mai wuyar a gidan nan. Goyonku, girkinku, asmarki da ta hana ni barci shekara goma. Yanzu kuma in zauna hutawa wani ƙato ya dinga make ni da guduma? Ni ba faɗa ya kawo ni ba, kullum kawar da shi kawai nake yi in wuce. Kin san bayan gadar nan akwai wani lambu mai ruwa yana gangarowa? Akwai doki fari, ana hawa. Jiya awa ɗaya na yi ina tsinkar furanni, ba wanda ya ce Umma ina safata. Ke kina son ki sha wuya ki ci, ni ina son in wuce in ga gari. Kowa da abin da ya kawo shi."

Wallahi sai na ji kunya ta kama ni. Ban taɓa tambayar kaina me Umma ke yi in mun fita ba. Na zauna kusa da ita na jingina da kafaɗarta, har na fara murmushi. Sai abin ya faɗo min kamar an watsa min ruwan sanyi.

"Umma. Na ce wa Abba a'a."

"A'a me?"

"A'a Injiniya. Na ɗauka shi ya mayar min don ya raina ni."

Umma ta dafe ƙirji. "Na shiga uku, na kashe wa 'yata aure da furanni! Kira Abbanki! Kira shi yanzu!"

Kafin in taɓo lambar Abba saƙo ya shigo. Injiniya ne.

"Abba ya biyo ta shago. Na gode da komai. In gem ɗin ya sake lalacewa ki aiko da shi, zan gyara."

Ko a nan bai tona Umma ba. An kore shi, an yi masa saƙo mai "ci gaba" biyu, kuma ya riƙe alƙawarin tsohuwa mai tsinkar furanni. Na zari mayafi, na zura silifas ɗin Abba na banɗaki don su na fara gani, na jefa abin shaƙata na asma a jaka na yi waje. Umma na bayana tana ƙwala min kira, "Kar ki yi gudu! Auta, ban da gudu!"

Na yi gudu. Karo na farko tun ina firamare. Ban iya ba ma, hannuwana sai wulwulawa suke yi ta ko'ina, silifas na tafi, mai kayan miya na kwanar layinmu har ya miƙe yana duba abin da ya biyo ni. Na isa shagon ina haki, na dafa teburin shagon, na zaro abin shaƙa na ja sau biyu.

Yana zaune a bayan tulin wayoyi, gilashin nan a ido, yana ɗinke wata waya da ƙarfen dalma. Ya ɗago ya kalle ni. Ta cikin gilashin idanunsa sun yi ƙato-ƙato kamar na mujiya, kuma jajur suke. Ya jira har numfashina ya daidaita.

"Umma ta gaya min," na ce. "Ka yi haƙuri."

Na tsaya ina jiran abin da na saba ji duk rayuwata: ba komai Auta, ya wuce, zauna ki huta. Ya ajiye ƙarfen a mazauninsa a hankali.

"Sake."

"Me?"

"Wannan haƙurin bai shiga ba. Saƙonki sai da na danna ci gaba sau biyu. Sake."

'Yan uwa, ku yarda ko kar ku yarda, wani daɗi ne ya ratsa ni tun daga kai har silifas ɗin Abba. Ba a taɓa sa ni ba da haƙuri sau biyu ba. Na gyara tsayuwa na sake, wannan karon da bayani: na yi masa mummunan zato, na yanke hukunci ban tambaya ba, kuma maganar tauna abinci ban kyauta ba. Ya ce an fara zuwa. Na yi na uku, muryata ta karye a tsakiya, na ce masa ni dai ina son sa, kuma tun ranar gyara na biyu ne.

Ya tura gilashin goshi. "Kwana uku wayar mutane biyu na ƙona saboda ke."

"To ka huce?"

"Saura. Kawu zai kira Abba ranar Lahadi kamar yadda aka tsara, in kin haye gadar kafin nan. Da hannunki."

"A kan takobi?"

"Takobi na mutanen da ba su kore ni ba ne. Ƙoƙon kai."

Da na koma gida na sami Abba na ce masa a'ar nan ta safe a ɗan dakata da ita. Ya kalli ƙafata ya ce in fara dawo masa da silifas ɗinsa tukuna.

Yau Juma'a. Na ɗauki hutun kwana biyu a shago. A kan ƙoƙon kai dodon nan ba guduma ɗaya gare shi ba, biyu ne, kuma yana tofa wuta. Bayan kalanda ya cika, na koma rubutawa a kwalin shayi: sau hamsin da takwas. Babban yatsana ya yi ƙulu, idona na yaji, kuma ban taɓa jin daɗin wani abu a rayuwata kamar wannan ba, don jiya da kyar nake taɓa shi, yau kuwa sau biyu ina kai jininsa rabi.

Ɗazu bayan la'asar na kusa. Saura masa ɗan jan layi siriri, zuciyata kamar za ta fito, sai ya juyo ya take ni. Na kifa kai a kan kafet, hawaye suka zubo, ƙirjina ya fara 'yar ƙarar nan da duk gidanmu suka sani. Umma na zaune a kujera a bayana tun azahar. Na ji ta taso da sauri. Na san abin da za ta ce, shekara ashirin da huɗu ina jin sa: ya isa haka, ajiye, je ki kwanta.

Ta durƙusa da gwiwarta mai ciwo, ta sa min abin shaƙa a hannu, ta jira na ja. Ta goge min fuska da bakin zaninta. Ta daɗe tana kallona, leɓenta na motsi. Sannan ta ɗauko fad ɗin daga ƙasa ta ɗora min a cinya.

"Sake," in ji Umma.